Tambayi Mai Gyara: taɓaryar wani koren inji ta cije

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni badukku ne a unguwar Bagalam, nan cikin Maraɗi, jakunkuna da takalma nake yi da fatar jan akuya. Watan jiya na tsinci wani ƙaramin inji a wurin masu kayan gwanjo, cikin tarkacen ƙarafan da aka zo da su daga waje, na ba da jika goma sha biyu. Kore ne, yana da nauyi sosai, an rubuta RCBS a jikinsa. Yana da dogon hannu da ake dannawa, da wata sandar ƙarfe mai kauri da ya kamata ta riƙa hawa da sauka. Na saye shi ne don in riƙa buga ribit da tambari a fata, saboda guduma ta fara cin kafaɗata. To sandar ta tsaya a tsakiya, ko motsi ba ta yi, kuma duk tsatsa. A sama akwai wani bututu da aka murɗa, cikinsa da wani abu na tagulla da ya maƙale. Yarona ya ce mu zura dogon faifa a hannun mu hau, wani mai walda kuma ya ce in kai masa ya gasa da wuta. Wanne zan bi? Kuma mene ne ainihin aikin injin nan? Allah ya ƙara girma.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu, kuma kafin ka sake taɓa injin ka karanta sakin layi uku masu zuwa da kyau, domin akwai magana a kan tagullar nan.

Abin da ka saya injin sake cika kwanson harsashi ne. A Amurka mafarauta da masu harbin gasa suna tara kwanson da suka harba, su matse shi ya koma siffarsa, su sake amfani da shi, kuma dokarsu ta yarda. Kamfanin RCBS wani mutum mai suna Fred Huntington ya kafa shi a garin Orobil na jihar Kalifoniya a 1943, koren fenti kuma shi ne alamarsu. Daga yadda ka siffanta nauyinsa da dogon hannunsa, ina ɗaukarsa irin wanda suke kira Rock Chucker, mai jikin ƙarfen zubi da aka zuba shi zagaye kamar zobe. Bututun da ke sama shi ne mazubin da ke matse kwanso, tagullar ciki kuma kwanson harsashi ne. Har labarin injin ana iya karantawa a jikinsa: mai shi na farko ya tura kwanso cikin mazubi ba tare da ya shafa masa mai ba, kwanson ya cije, ya ja hannu da ƙarfi har bakin gindin kwanson ya yage, ya gaji ya jefar da injin wani wuri mai laima, tsatsa ta gama sauran aikin. Matsala biyu ke nan gare ka, ta sama daban, ta taɓarya daban. Taɓarya nake kiran sandar nan, don aikinta ke nan.

Ka ɗauki tocila ka haska gindin tagullar daga ƙasa, kada ka tsokane ta da komi. A tsakiyar gindin kwanso akwai gurbin wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar wake, shi allurar bindiga ke sara wuta ta tashi. In ka ga gurbin fanko, rami ne kawai, ko kan wata siririyar allura ya leƙo ta ciki, to kwanson matacce ne, ba abin tsoro. In ka ga maɓallin yana nan, musamman in yana sumul ba alamar sara, ka tsaya nan. Ba guduma, ba wuta, ba huda. Abin nan ƙarami ne amma duka ko zafi na tayar da shi, ya isa ya ɓata wa mutum ido, kuma ba ka da hanyar sanin ko akwai albarushi a bayansa. Ka je wurin jandarma ko ƴan sanda ka faɗa musu yadda ka same shi.

Ko da kwanson matacce ne, shawarata ka kwance mazubin ka miƙa wa hukuma, ka kuma sanar da mai unguwa abin da kake shirin yi da injin. A Nijar bindiga da harsashi sai da izinin gwamnati, kuma kai ma ka san halin da ƴan'uwanmu na wajen Madarunfa da Gidan Rumji suke ciki da ƴan bindiga. Kada ka sayar wa kowa mazubin nan komi kuɗin da ya taya. Da zarar an cire shi, abin da ya rage matsa ce ta hannu kawai, irin wadda badukku ko mai gyaran babur zai ji daɗinta shekara da shekaru. Kwance shi ba wuya: akwai zobe mai ɗaure shi a sama, da ɗan sukuru a gefensa. Ka jiƙa haƙoran da gazuwal kwana ɗaya, ka sassauta sukurun, ka sassauta zoben, ka murɗa mazubin hagu ya fito.

Yanzu taɓarya. Abu na farko da maigidana ya koya mini, Allah ya jiƙansa, shi ne kafin ka yi faɗa da inji ka san wa ke riƙe da shi. Ka ce sandar ba ta motsi, amma ba ka tabbatar ita ce ta cije ba. Duba ƙasa: hannun yana shiga wani dunƙulen ƙarfe, dunƙulen yana rataye da jikin injin ta faranti biyu, hagu da dama, sannan ƙusa guda mai kauri ta haɗa shi da gindin taɓarya. Kowace gaɓa cikin waɗannan tana iya cijewa ita kaɗai ta tsayar da komi. Sau da yawa an kawo mini abin da aka yi sati ana dukan sandarsa, ashe ƙusa guda ce a gefe ta kama. Saboda haka ka ɗauki hoton ƙasan da wayarka daga ɓangare biyu, don ka san yadda za ka mayar, ka zuba wa kowace gaɓa gazuwal, gobe ka cire ƙusar da ta haɗa dunƙulen da taɓarya. Ƴan zobban da ke riƙe ƙusoshin suna tsalle in an ɓamɓare su, ka rufa tsumma a kai, kuma ka zuba duk abin da ka cire cikin gwangwanin tumatir guda, don irinsu ba ka samu a kasuwa. In ka raba su hannun ya yi lilo sakayau, to lallai taɓarya ce. In hannun ya ƙi, ka gode Allah, aikinka ya ragu.

Dalilin da na hana ka faifa shi ne wannan. Gaɓoɓin nan an tsara su ne su ninka ƙarfin hannun mutum sau da yawa, shi ya sa yaro ma zai iya matse tagulla da shi. In ka ƙara faifa mai tsawon mita ka hau, ƙarfin da zai taru a wurin ya wuce abin da aka yi injin dominsa, kuma dole ya fita ta wani wuri. Ko ƙusa ta lanƙwashe, ko dunƙulen ya tsage, ko jikin ya fashe. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa ya yi maka kashedi kamar rodi, tsinkewa yake kamar tukunyar ƙasa. Ina da shekara goma sha bakwai na fasa wata tsohuwar matsa ta maigidana da irin wannan faifan, ina neman fitar da boris daga wani aksul. Har yau ina jin ƙarar. Bai dake ni ba, ya ɗauki ɓarin ya nuna mini cikinsa, toka-toka mai tsakuwa-tsakuwa kamar sukari, ya ce in duba da kyau in gane irin ƙarfen da ba a yi wa dole. Mun yi waldarta da sandar nikel bayan mun ɗumama ta a gawayi, muka binne ta cikin toka ta huce a hankali, duk da haka ba ta sake miƙewa daidai ba, abin da aka matsa da ita sai ya fito a karkace. Naka injin in ya fashe, ya zama na masu awon kilo.

Maganar wuta kuma, mai waldar ba mugunta yake nufi ba, abin da ya saba da shi ke nan a kan noti da ya cije. Noti siriri ne, yana ɗaukar zafi nan da nan ya buɗe kafin ƙusar ciki ta ji. Nan kuwa jiki ne mai kauri, kafin ya yi zafi taɓaryar ma ta yi, kuma ƙarfen zubi da ƙarfen taɓarya kusan daidai suke kumbura, don haka ribar kaɗan ce. Hasarar kuwa babba: harshen wutar gas yana gasa gefe ɗaya ya bar ɗaya da sanyi, nan zubi ke tsagewa, fenti ya ƙone, ramin ya goce. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, gaskiya ne, amma a maƙera, ga ƙarfen da ake son ya sake siffa. Kai so kake naka ya zauna yadda yake. Zafin da nake so shi ne wanda Allah ya ba mu kyauta. Ka ajiye injin a rana, a nan Maraɗi ƙarfe na yin zafin da hannu ba ya iya riƙewa, musamman a bazara. Da rana ya ɗan buɗe, da dare ya koma, man da ka zuba ya yi ruwa-ruwa ya bi ƴan kafofin tsatsa. In damina ce babu rana, ka kwarara ruwan zafi a jikin daga waje, ka goge, ka sake zuba mai.

Mai kuwa, gazuwal ya isa, kananzir ma haka. In kana son wanda ya fi shiga, ka haɗa jan man giya na mota mai canja giya da kanta da asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da fenti, rabi da rabi, ka girgiza kafin kowane zubi don suna rabuwa. Asiton na kama wuta da sauri kuma yana cin fenti, ka yi a fili, nesa da murhun shayi da mai shan taba. Gwangwanin feshi irin WD-40 ma yana yi, sai dai kuɗinsa. Da farko ka goge tsatsar da ke fili a jikin taɓarya, sama da ƙasa, da burushin waya, domin wannan ɓangaren ne zai ratsa ramin in ta fara tafiya, in ka bar shi da ƙurajen tsatsa za ta sake cijewa. Sannan ka naɗa tsumma a wuyan ramin ka jiƙe shi sharkaf, safe da yamma. Bayan kwana biyu ka kifa injin ka yi haka ta ƙasa. Kwana huɗu, biyar, har mako, kada ka ƙosa. Tsatsar da ta yi shekaru tana taruwa ba za ta saki a yini ɗaya ba, kuma jiran ba ya cin ko dala.

Ranar bugu, ka fara cire ɗan farantin da ke kan taɓarya, mai tsaga kamar kofaton doki, wata siririyar waya ce ke riƙe da shi, ta gefe yake zamewa. Ka sami guntayen katako biyu masu tauri, ka ɗora injin a kansu yadda za su tallafe jikin dab da bakin ramin ta ƙasa, a bar sarari a tsakiya inda taɓarya za ta sauka. Wannan tallafin shi ne rabin aikin. In ka bar injin a ɗaure a bakin tebur ka buga, duk nauyin dukan zai tafi ga kunnuwan da aka ɗaure shi da su, can zai karye. Tun da ka cire mazubi, ramin sama ya buɗe kuma yana saitin kan taɓarya sak. Ka zura sandar itace mai tauri ta nan, irin ƙotar gatari ko ta kirya, ko sandar tagulla in kana da ita, ta zauna a kan taɓaryar, ka bugi sandar. Kada ƙarfen guduma ya taɓa kan taɓarya ko sau ɗaya. Bugu uku ya isa ya baje bakin ya yi leɓe kamar kan tsohuwar kurfi, sannan ba za ta ƙara ratsa ramin ba sai an kai ta injin sassaƙa ƙarfe, wurin zaman farantin kuma ya lalace.

Bugun ya zama gajere, na wuyan hannu, ba na kafaɗa ba. Ka ja layi da alli a jikin taɓarya daidai bakin rami don ka ga motsi, domin na farko ido ba ya kama shi. Kunne ma na faɗa maka: muddin a cije take, amon yana fita tsan-tsan, in ta saki sai ya koma dum. Da ka ga layin ya matsa ko da kaurin farce, ka daina. Zuba mai, ka kifa, ka mayar da ita baya kaɗan, ka sake dawowa. Gaba da baya, gaba da baya, kowane zuwa man na fitowa ja da tsatsa, ka goge ka zuba sabo. In ta fara sakewa ka zura ƙaramin rodi a ramin ƙusar gindinta ka riƙa juya ta hagu da dama da hannu. Kada ka kama jikinta da kilen faifa, haƙoransa za su bar tabon da zai riƙa kartar ramin har abada. Ta ƙasa za ta fito. In ka yi bugu ashirin ba motsi, ka mayar da ita jiƙo na wasu kwanaki.

In ta fito, ka kiyayi garanda. Na ga masu kai irin wannan sandar wurin injin wasa wuƙa don ta yi ƙyalli, su dawo da ita tana rawa cikin rami. Tsakanin taɓarya da raminta sararin bai kai kaurin gashi biyu ba, shi ya sa take tafiya tsaye, kuma wannan tsayuwar ce za ta sa ribit ɗinka ya zauna daidai. Samfefa mai laushi, lamba 400 sannan 600, a jiƙe da mai, ka naɗe ta ka riƙa murzawa zagaye. Tsatsa kake cirewa, ba ƙarfe ba. Ƴan ramukan da tsatsa ta ci, baƙaƙe kamar zanzana, ka bar su, ba sa hana aiki, mai ma suke riƙewa. Cikin ramin ka naɗa tsumma a sanda ka wanke da gazuwal har tsumman ya fito fari.

Za ka ga tsaga a jikin taɓarya cike da baƙin datti, wataƙila da ƴan ƙananan kofuna na ƙarfe. Ragowar maɓallan da aka harba ne, ta nan suke zubowa, kuma wannan dattin mai kaushi shi ne kan fara cinye irin waɗannan injuna tun kafin tsatsa. Akwai dalma a cikinsa. Kada ka hura da baki, ka goge shi a jiƙe, ka ƙulle tsumman a leda ka kawar inda yara da awaki ba sa kai, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci goro. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, nan maƙwabtanmu. Naka kaɗan ne, amma yaran shagonka a ƙasa suke zama.

Wajen mayarwa, ɗan giris a ƙusoshin gaɓa, sabon man inji ɗigo kaɗan a taɓarya, ka hau da ita ka sauka sau goma, ka goge abin da ya yi saura. Giris a taɓarya ban yarda da shi ba a ƙasarmu. Da hunturu ya shigo ƙura za ta manne masa ya zama kamar garin dutsen wasa, kullum yana cin ramin. Baƙin man juye ma haka, cike yake da garin ƙarfe. Man gyaɗa kuwa, na san shi ne kusa da hannu, amma yana daskarewa ya yi danƙo bayan ƴan watanni, sai ka dawo mini da wata wasiƙar. Duk Juma'a in za ka rufe shago ka goge, ka ɗiga mai, ka bar taɓarya a ƙasa, ka kifa masa tsohon buhu. Kai da kake aikin jar fata, ka riƙa goge kan taɓarya kafin ka ɗora aiki, ɗigon mai guda na ɓata jaka.

Saura abu ɗaya da zai iya ɓata maka duk wahalar nan. Injin Amurka ne, awonsa na inci ne. Ramin sama faɗinsa 7/8 na inci, wato milimita 22.2, da haƙora 14 a kowane inci. Ƙusar milimita 22 ta kasuwa za ta yi kamar ta shiga, zagaye ɗaya ko biyu, sannan ta cije ta cinye haƙoran, domin tazarar nata haƙoran daban ce. Ka ɗauki injin gaba ɗaya ka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe, ka faɗa masa waɗannan lambobin, ya yanka maka ƙusa daidai ramin da gurbi a ƙasanta inda bakin ribit ko tambarinka zai zauna, ya kuma yi maka ɗan faranti da zai hau kan taɓarya. Ka ɗaure injin a katako mai kauri da ƙusoshi masu noti, ba ƙusar kafinta ba. In ka gama ka aiko mini hoton jakar farko.

TAMBAYA

Baba ina wuni. Mu ƙungiyar mata ce a Tibiri, muna da injin matsar man gyaɗa na hannu. Ranar Laraba aka kira mu rasuwa muka bar aiki a tsakiya, da muka dawo washegari murɗin ya ƙi juyawa. Mu zuba gazuwal?

AMSA

Lafiya lau ƴata, Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ku haƙuri. A'a, gazuwal kada ya kusanci abin da mutane za su ci. Naku ba tsatsa ba ce, tunkuza ce ta huce a ciki ta sandare ta riƙe murɗin. Ku kwance murfin bakin da tunkuza ke fita, ku kwarara ruwan zafi a jikin bututun daga waje har ya ɗumama sosai, ku zuba man gyaɗa mai ɗumi ta wurin zuba gyaɗa, ku jira rabin awa, sannan ku juya hannun baya, ba gaba ba, kaɗan-kaɗan. Abin da ya fito ku ƙwaƙule da tsinken itace. In kun wanke, ku shanya kowane ɓangare ya bushe ƙarau kafin ku haɗa. Nan gaba ko da kiran gaggawa ne, mutum ɗaya ta tsaya ta buɗe bakin ta juya har cikin ya zama fanko tun yana da zafi, minti biyar ne.